Wai wel kifi ne? Amsar Kawu

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, kana tambaya ko kuskure ne al'adarmu ta kiran wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku, da sunan kifi, tunda malaminku ya ce kakannin wel da ƙafa huɗu suka yi tafiya a tudu. To ai mu ba mutanen teku ba ne, shi ya sa muka ara masa sunan da muke da shi. Amma masuntanmu ba su taɓa ruɗewa ba, ka je bakin Kwara ka tambayi Basarke ko ayu kifi ne, dariya zai yi maka, ya san ayu nono take ba ɗanta kuma sai ta leƙo ta shaƙi iska. Wel ma haka yake.

Maganar malaminku kuwa tana da tushe. A Pakistan aka haƙo ƙasusuwan wata dabba da aka sa wa suna Pakicetus a 1981, ta rayu wajen shekara miliyan 50 da suka wuce, ƙafafunta huɗu, girmanta kamar kare, amma ƙashin kunnenta mai kauri irin na wel ne sak. A 1994 aka bayyana Ambulocetus, wani kakan wel, shi kam tafin ƙafa faffaɗa gare shi na iyo. Can Masar kuma a Wadi al-Hitan cikin hamadar Fayum, ƙasusuwan wani tsohon wel, Basilosaurus, ne kwance cikin rairayi, tsawonsa ya haura mita 15 amma 'yan ƙafafun baya ko mita ɗaya ba su kai ba, ina za su ɗauki wannan jiki.

Wanda ya fi burge ni shi ne ƙashin idon sawu. In an yi layya bana kar ka bari a jefar da ƙafar ragon, fasa gaɓar ka duba, za ka ga ɗan ƙashi mai kwarmi sama da ƙasa kamar inda igiya ke zama. Awaki, raƙuma, shanu, dorina duk suna da shi, kuma a 2001 aka same shi jikin tsofaffin wel ɗin Pakistan, alamar danginsu ɗaya ke nan. Dorinar nan tamu ita ce 'yar'uwar wel mafi kusa cikin masu rai, ba ayu ba, ita ayu dangin giwa ce.

Har a kudancin Najeriya an tono muƙamuƙin wani tsohon wel, Turawa suka laƙaba masa sunan Gwamna Lugga, Pappocetus lugardi.

A gida ka ci gaba da cewa kifin wel, kakarka ba za ta gane wani suna ba. Ranar jarrabawa dai ka rubuta dabba mai shayarwa. Ka gaida mamanka.