Lambar inji da ta shasi ba su zo ɗaya ba: in saya ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege. Na gaji babur Honda CD175 daga mahaifina, shasin (wato ƙarfen gangar jikinsa) lafiya lau amma injin ya fashe. Na samu wani inji a kasuwar kayan gyara ta Owode Onirin, sai bakanike ya ce kada in saya tunda lambarsa ba ta yi daidai da ta shasin ba. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba.

Bakaniken naka ya ɗauko dokar baburan Ingila ya ɗora wa na Japan. A Triumph Bonneville, misali, lamba ɗaya ake bugawa a inji da shasi, shi ya sa masu tara tsofaffin babura ke rage kuɗi in sun ga bambanci. Honda ba ta yin haka. Tun daga masana'anta kowanne da lissafinsa, injin da Baba ya hau ma ka duba, za ka ga lambarsa daban.

Abin dubawa shi ne haruffan farko. A wuyan babur, inda kansa ke juyawa, za ka ga CD175 sannan lambobi. A jikin inji kuwa, ƙasa ta hagu, ya kamata ka ga CD175E. In ka ga CD185 ko CD200, wato Roadmaster, to ɗan'uwansa ne, ba shi ba.

Ko an dace da haruffa, da sauran aiki. CD175 na farko, na 1967, silindarsa a karkace take zuwa gaba, injin kuma rataye yake a ƙarƙashin shasi. Na baya sun zo da silinda a miƙe cikin wani shasi daban, mazaunin ƙusoshinsu ba ɗaya ba ne. Ka auna tazarar ramukan, ko ka tafi da tsohon injin a jera su. Duk wanda ya ce maka "walda za ta gyara", ka yi masa sallama. Shasin da aka yanka ya rasa daraja, kuma da wuya ya sake tafiya a miƙe.

Sai wurin lambar kansa. Ka goge da kananzir, ka haska tocila daga gefe. In wurin ya yi santsi fiye da kewayensa, ko ya lotsa, ko lambobin suna hawa da sauka, an kankare an sake bugawa. Wannan kam ka bar musu kayansu komai arha. A Legas, inda tun 2022 aka tsananta kamen baburan acaba, inji marar asali zai iya kai ka ofishin 'yan sanda.

In komai ya yi daidai, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da sunan shago, ka je ofishin lasisi a gyara takardu. Fasasshen injin kuma kada ka ba 'yan gwangwan. Ka ajiye shi, don mai saye na gaske zai nemi ganinsa.