Amsar Kawu kan ƙungiyar unguwa

Ɗana, saƙonka ya iso tun shekaranjiya, ina ta juya shi ne shi ya sa ban amsa da wuri ba. Ka ce samarin kartiyenku na Zariya, nan Maradi, sun kafa ƙungiyar unguwa, kowane gida dala ɗari a wata, ran lahadi a hito yasar kanibo da kwasar shara, har suna son ba ka riƙon kuɗi tunda ka yi lakwal. Kake tambayata wai shin wanga abu al'adarmu ce ko kwaikwayon nasara, kuma in ka tura musu jika ta waya, ninkin abin da anka aza, ba shike nan ka huta da hita ba?

Wallahi sai da na yi dariya har matar gidan na tambayata ko lahiya. Daga baya kuma abin ya dame ni, ace ɗan ƙanwata, jikan mutanen Bagalam, shi ke tambaya ko gayya tamu ce.

Garin nan da kake gani bisa tudu da titunansa miƙaƙƙu, da ba nan yake ba. Tsohon Maradi a ƙasa yake cikin fadama bakin gulbi, ruwan 1945 ne ya cinye shi anka hawo sama. Kakanka yana saurayi lokacin, kuma har ya rasu yana faɗi cewa nasara layi kawai ya ja, ginin kuwa hannun mutane ya yi shi, yau ana gidan wane gobe a koma na wane. In munka yi masa ƙorahin aiki sai ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ku tashi.

Mu namu zamanin samariya ne. Bayan Seyni Kountché ya hau mulki a 1974 anka tada ta ko'ina, kowace unguwa da sarkin samarinta da shugabar 'yan mata. Mun shara, mun buga tubalin ajin lakwal, ran 3 ga watan Agusta mun dasa itace, wasu dogon yaron da kuke shan inuwarsu yanzu da tulu munka shayar da su. Ba zan ce maka duka daɗi ba ne, akwai hannun gwamnati ciki, wani lokaci a shanya mu rana muna jiran wani babba da zai zo daga Yamai. Amma abin da ya zauna mini a rai gwamnati ba ta ma san an yi shi ba.

Wata damina ce, tsakiyar Agusta, anka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Akwai wata tsohuwa bayan gidanmu, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda ya tahi Kano neman kuɗi ba labari, daga ita sai jikoki ƙanana. Wajen asuba munka ji rugum, bangon ɗakinta na gabas ya zube, Allah ya kiyaye ta riga ta kwashe yaran zuwa zaure don ta ga yana tsatsa tun dare. Ana sallame sallar asuba sarkin samari ya sa anka buga ganga, ba takarda ba reniyo, kahin rana ta hito lungun nan ya cika. Wasu sunka nuhi kududduhi da kwanduna da jakai ɗebo ƙasa, mu masu ƙarhi anka sa mu kwaɓa, ka naɗe wando har gwiwa kana taka laka da ciyawa, ƙafa na yin sanyi har ba ka jinta, makaɗi na tsaye bisa kanmu da kalangu yana kiran sunan uban kowa, in ya kira naka kuwa ko ka gaji sai ka ƙara. 'Yan mata na jerin gwano da tuluna daga rijiya, innarka na cikinsu tana ƙarama, tulun ya kusa hin ƙarhinta amma ta ƙi ajewa. Magini guda ne cikinmu, tsoho, shi bai ɗauki komi ba sai nuni da sanda, nan ku ƙara nan ku rage, ya ce ƙasar damina ba a yi mata gaggawa, a aza kaɗan a bari ta sha iska. Haka munka riƙa dawowa har bangon ya kai, wani ya kawo azara daga gidansa, wani tabarmar ruhi. Kowane gida na unguwar ya aiko da hura, wani da tuwon hatsi.

Akwai wani mai hali a unguwar, ɗan kasuwa, bai zo ba, ya aiko yaronsa da kuɗi masu kauri. Sarkin samari ya karɓa da godiya anka sayi goro da abin da ya rage na ruhi, ba wanda ya zage shi. Amma ranar da tsohuwar nan ta shiga ɗakinta ta tsaya bakin ƙofa tana sa albarka, ɗaya bayan ɗaya take kiran waɗanda ta gani cikin laka, tana kuka. Da dare kakanka ya ce mana kun gani ko, zumunta a ƙafa take. Ni dai tun daga ranar ban ƙara wucewa ƙofar gidan nan ba tare da an kira ni an ba ni ruwa ba.

Bayan taron ƙasa na 1991 jam'iyyu sunka zo, samariya ta mutu, fada, wato majalisar zaman samari, ta maye wurin. Ban ƙi fada ba, na san wasu na sintirin dare, wasu na gyaran maƙabarta, Allah ya biya su. Amma da yawanku kuna zaune ana dafa shayi, kowa kansa cikin waya, kanibon da ke gabanku leda ta toshe shi, ruwa ya kwanta sauro na haihuwa, in yaro ya kama masassara a ce laihin mari ne, ma'aikatar magajin gari, ba ta zo kwasa ba. Kai kanka, maƙwabcinka na hagu ka san sunan ubansa? Ran da za a yi suna a gidanka su wa za su kafa maka rumfa su jera tabarmi tun asuba?

Maganar riƙon kuɗi kuwa, wannan sai mun zauna. Kuɗin jama'a na da nauyi, na ga ya raba aminai. Dubi iyayenku mata na Mata Masu Dubara, ƙungiyoyin asusun mata, a ƙasar Maradin nan abin ya fara a 1991, akwatinsu kwaɗo uku ne, mabuɗai hannun mutum uku, ba a buɗewa sai gaban kowa. Ka tambayi samarin naku ko haka za su yi, da kaye da ake rubuta shiga da hita, kuma ko sun je sun gaida mai unguwa kahin su fara, don ban ji ka ambace shi ba ko sau ɗaya cikin saƙonka. Lahadin nan dai ka ari pel ka hita ka ga su wane ne ke zuwa da su wane ne ke magana kawai, in ka taso ka biyo ta gida bayan la'asar ka ba ni labari. Ka gaida innarka, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya iso.