Sake aika buƙata idan sabar ba ta amsa ba

Ɗan'uwa, ka ce manhajar da kake haɗa wa wani shago a Terminus, nan Jos, tana tsayawa duk lokacin da netwok ya yi rauni, kana so ta riƙa sake gwadawa da kanta a Python. Ba sai ka rubuta komai daga tushe ba. Requests, kayan aikin Python na aika buƙata zuwa sabar (kwamfutar da ke amsa wa manhajarka), a kan wani kayan aiki mai suna urllib3 yake tafiya, shi kuma urllib3 yana da Retry, wato tsarin sake gwadawa. Ka saka Retry cikin HTTPAdapter, ɓangaren Requests da ke kula da haɗuwa da sabar, ka ɗora a kan Session, wanda buƙatunka za su riƙa bi ta cikinsa. Gwaji uku sun isa.

Ba kowane kuskure ake maimaitawa ba. Sabar tana maido da lamba ga kowane irin kuskure: 429, 502, 503 da 504 yawanci na ɗan lokaci ne, amma 404, wato ba a sami abin da ka nema ba, ko sau ɗari ka aika, amsar ɗaya ce. Ka sa backoff_factor domin jiran da ake yi tsakanin gwaji da gwaji ya riƙa ninkuwa, kada ka ƙara wa sabar da ta gaji nauyi. In ta turo Retry-After, wato saƙon da ke faɗin tsawon lokacin da za a jira, urllib3 yana bin sa.

Inda nake roƙonka ka yi hattara shi ne POST, irin buƙatar da ke aika bayani domin sabar ta aiwatar da wani abu, kamar biyan kuɗi. Da gangan Retry bai sa shi cikin waɗanda yake maimaitawa ba. Ka ɗauka mai saye ya biya kuɗi, sabar ta karɓa, amsar ce ta ɓace a hanya. Ka sake aikawa, an cire masa sau biyu. Wallahi wannan yana zubar da mutuncin shago. In dole ne, kowane biya ya tafi da lambarsa ta musamman wadda sabar za ta gane an riga an karɓa.

Kuma ka sa timeout, domin Requests ba ya sa wa jira iyaka da kansa.