Wane irin tambari ya dace da kwalbar shito?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina yin shito, wato soyayyen yajin barkono da kifi, a Aboabo, nan Kumasi, ina kai wa masu shaguna a Kejetia da Asawase. Shekara uku ke nan kwalabena ba komai a jikinsu sai lambar waya. Yaron da ke mini zane ya kawo tambari uku: ɗaya suna kaɗai, ɗaya hoton barkono ba rubutu, ɗaya zagayayyen hatimi mai kifi da tukunya da alamar adinkra ta gargajiyar Ashanti. Sitika 2,000 zan buga da kuɗin adashina, ina tsoron kada in yi asara. Sata kam ba ta dame ni ba, tunda na yi rajistar sunan kasuwancina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a nema.

A cikin ukun nan ba wanda zan ce ki buga yadda yake. Alama ba suna sai kamfanin da duniya ta riga ta sani, irin Nike. Ke kuwa so kike mai saye ya shiga shago ya ambaci sunanki. Suna kaɗai kuma zai bar tsohuwar da ba ta karanta boko, wadda za ta aiki jikanta ta ce ya sayo mai hoton kaza ko mai jan murfi. Hatimin ya cika kaya, a kan murfi zai dagule. Adinkra ma tana da nata sharaɗin: dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 ta ce mai son yin kasuwanci da kayan gargajiya ya nemi izinin hukumar da ke kula da su. Ki sa yaron ya haɗa sunan da alama guda mai sauƙi, launi biyu. Ki rage shi ya koma girman hoton WhatsApp, ki buga shi baƙi da fari. In har yana karantuwa, ya yi.

Amma maganarki ta ƙarshe ita ce ta tayar mini da hankali, domin kusan kullum sai na ji ta. Hajiya, rajistar sunan kasuwanci ba ta kare tambari. Takardar da ke hannunki daga ofishin rajistar kamfanoni ta fito, abin da take cewa kawai wance tana kasuwanci da wannan suna. Rajistar alamar kasuwanci aiki ne daban, a ma'aikatar Babban Magatakarda, ƙarƙashin doka mai lamba 664 ta shekarar 2004. Ana binciken ko wani ya riga ki, a duba alamar, a wallafa ta don mai ƙorafi ya fito, sannan a ba ki shaida ta shekara 10 da ake sabuntawa. Kuma aji-aji ake yi, guda 45 ne, shito yana aji na 30. Lambar hukumar abinci da magunguna ita ma ba ta ba ki mallakar zane, lafiyar abin da ke cikin kwalba da bayanin da ke jikinta take dubawa.

Masu yaɗa wannan ruɗu su ne dillalan da ke tsaye a bakin ofisoshi. Su karɓi kuɗin mace, su miƙa mata takarda ɗaya, su ce an gama komai. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa wurina da kwalabe biyu, nata da na wani, ba ka bambance su sai ka ɗanɗana. Shi ya yi rajistar alamar, ita takardar suna kawai take riƙe da ita. Shekarun da ta yi a gaban murhu tana gina amana, wani yake cin moriyarsu, shari'a kuma ta fi ƙarfin aljihunta. Abin nan yana ƙona mini rai, don da an gaya mata gaskiya tun farko da bai faru ba.

Wannan ya shafi zaɓinki kai tsaye. Ba kowane tambari ake yi wa rajista ba. Suna irin "Shito Mai Daɗi" bayanin kaya ne, kowa yana da ikon faɗinsa. Hoton barkonon nan kuma ki tambayi yaron tsakani da Allah, shi ya zana ko daga intanet ya ɗauko? Manhajar zane ta Canva da kanta ta bayyana cewa ba a mallakar alamar kasuwanci da hotunanta na kowa da kowa. Matasanmu masu zane a waya, ku ji tsoron Allah: ku ɗauko hoton da ba naku ba ku sayar wa uwa a matsayin nata, ha'inci ne, ko da sidi 20 kuka karɓa.

Kada ki buga 2,000 yanzu. Ki buga 100, ki sa a yi binciken alamar tukuna. Yaron ya ba ki asalin fayil ɗin zanen, wanda ba ya dushewa in an faɗaɗa shi zuwa allon shago, ya kuma rubuta a takarda, gaban shaidu biyu, cewa zanen ya zama naki.