Kakana ya je Yaƙin Bama, ta ina zan bi sawunsa?

Tambaya: Muna gyaran ɗakin kakata sai muka tsinci wata lamba mai siffar tauraro a ƙasan adaka, naɗe cikin tsumma. Ta ce ta marigayi kakanmu ce, daga Yaƙin Bama ya dawo da ita. Yaya zan san inda ya yi yaƙi?

Amsa: Allah ya jiƙan kakanka, ya sa ya huta. Idan tauraron mai tsini shida ne, an rubuta "The Burma Star" a fuskarsa, ƙyallensa kuma ja ne a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefuna, lambar Bama ce. Sai dai Ingila ba ta buga sunan soja a jikinta ba, don haka ka binciki takardar sallamarsa. Lambar rajistarsa ta soja tana ciki, kuma ta fi suna amfani, domin da yawa sunan garinsu aka rubuta musu maimakon na uba.

Runduna biyu aka kafa a 1943 daga Afirka ta Yamma don yaƙar Japan. Ta 81, mai tambarin gizo-gizo, ta yi gumurzu a kwarin kogin Kaladan da ke yammacin Bama a 1944. Ta 82 tambarinta māsu biyu ne a kan gammo, kuma gammon nan ba ado ba ne: a dajin yankin Arakan na Bama mota ba ta shiga, a ka mutanenmu suka riƙa ɗaukar harsashi da abinci. Rundunonin biyu sun haɗu a garin Myohaung a Janairun 1945. Ka duba tsofaffin hotuna ko akwai ɗaya daga cikin tamburan nan a kafaɗarsa. Ka kuma leƙa gidan adana takardun tarihi na Kaduna, da tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Amma ni shawarata, kafin Kaduna, ka shimfiɗa tabarma a ɗakin kaka. Takarda za ta jira ka, tsohuwa kuwa sai ikon Allah. Ka kunna rikodar waya, kada ka tambaye ta fagen fama, ba ta je ba. Tambaye ta da me ya biya sadakinta, wace sana'a ya kama bayan an sallame su, ko yakan firgita cikin dare, waɗanne mazan jiya ne ke zuwa hira zaurensa. Ka tambaye ta kuma me ya sa ta naɗe lambar nan ta ɓoye shekara da shekaru.