Kan maganar --delete a rsync

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana kwashe fayilolinka zuwa diski na waje da rsync, manhajar kwafar fayiloli daga wuri zuwa wuri, kuma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin --delete, --delete-before, --delete-after da 'yan'uwansu. Bari in fara da abin da ya same ni, don ni sai da na ƙone hannu kafin na gane.

Ina da umarnin da cron, mai tayar da aiki da kansa a lokacin da aka sa masa, ke tayarwa kullum da ƙarfe biyu na dare: rsync -a --delete /mnt/aiki/ /mnt/ajiya/aiki/. Wata rana aka ɗauke wuta. Da ta dawo kwamfutar ta tashi, amma diskin aikin bai hau ba, sai foldar /mnt/aiki ta zama fanko. Shi kuwa rsync ba ya tambaya, kuma aikin --delete shi ne goge duk abin da ke ajiya wanda babu shi a tushe, wato inda ake kwafowa. Ya duba ya ga babu komai a tushe, ya share ajiyar tas. Da safe na buɗe na ga wayam, sai da gumi ya karyo min. Allah Ya taimake ni diskin aikin lafiyarsa ƙalau, kebul ne ya yi sako-sako.

Waɗancan da ka lissafa duk gogewa suke yi, lokacin gogewar ne kawai ya bambanta. Tun daga rsync 3.0, in ka sa --delete shi kaɗai, yana goge ne yana kwafa, wato --delete-during. In diskin ajiya ya kusa cika, --delete-before zai fara buɗe maka wuri. Ni --delete-delay nake sawa: yana tara sunayen abin da zai goge, sai an gama kwafa ya goge, ba sai ya sake zagaye foldoji kamar --delete-after ba. Wanda zan ce ka yi nesa da shi sai dole shi ne --delete-excluded, domin har abin da ka ce kada a kwafa zai bi ya goge a ajiya.

Amma babu ɗayansu da zai cece ni a wancan daren. Abin da ke tsare ni yanzu shi ne --backup da --backup-dir=/mnt/ajiya/shara/$(date +%F). Duk fayil ɗin da za a goge ko a danne da sabo, sai a mayar da shi foldar ranar. Bayan wata biyu nake share tsofaffin da hannuna. In a crontab, wato jadawalin cron, za ka rubuta shi kai tsaye, ka sa \ kafin %, in ba haka ba umarnin zai yanke a nan.

Ka ƙara --max-delete=100, ya tsaya da gogewa in abin ya wuce haka, ka kuma fara da mountpoint -q /mnt/aiki && don kada ya motsa in diski bai hau ba. Duk sanda ka taɓa umarnin, ko da / ɗaya ne na ƙarshen tushe, gwada shi da -nv tukuna, wanda zai nuna abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba, ka karanta layukan da suka fara da deleting ɗaya bayan ɗaya.