Kada ka bari a yi wa wayar filashin tukuna, ga inda matsalar take

Wa'alaikumus salam, Malam. Sau biyu na karanta tambayarka, wallahi sai da raina ya sosu, domin na san wannan damuwar sarai. Ka ce wayarka Tecno ce, sati uku ke nan saƙonni suna ta faɗowa a saman allo. Wani ya ce bairos 5 sun kama wayar, wani ya ce ka ci kyauta, wasu kuma hotuna ne da ba su ganuwa. Ka goge history, wato tarihin shafukan da ka buɗe, ka sa manhajar kashe bairos, ba su daina ba, mai gyara kuma ya ce sai an yi filashin, wato a share komai na wayar a sake ɗora mata manhajar da take aiki da ita. Don Allah ka dakata. Yadda ka kwatanta abin, da wuya a ce wayarka ta kamu da wani abu. Izini ne aka yaudare ka ka bayar, kuma minti biyar ya isa ka karɓe abinka.

Abin da ya fi ciwo ba cin data ba ne ko shan caji. Kunyar ce. Mutum ya ajiye waya a kan tabarma a falo, allo ya yi haske da kansa, ga hoton tsiraici, yara na zaune. Ko a majalisa ka miƙa wa wani dattijo waya ya duba lamba, abin ya faɗo a hannunsa. Me za ka ce? Ka yi rantsuwa ma kallon tuhuma za a yi maka, uwargida kuma ta riƙe abin a rai ba ta furta ba. Masu ƙirƙiro waɗannan shafukan sun san haka, da gangan suke zaɓar hoton da zai sa hannu ya yi rawa ya danna, don kowane dannawa kuɗi ne ke shiga aljihunsu. Mutuncin magidanci suke sayarwa a kan 'yan canji. Allah ya isa tsakaninmu da su.

Yadda suke kama mutum kuwa, tun 2015 Chrome, birauzar da ake shiga intanet da ita, ya ba shafukan intanet damar turo sanarwa ko da mutum ya rufe birauza, amma sai mai waya ya danna Allow. To sai su yi dabara. Ka shiga neman fim ko kallon ƙwallo kyauta, ko ka bi irin link ɗin da ake yawo da shi a WhatsApp na kyautar data da fom ɗin tallafi, sai shafin ya ce danna Allow don tabbatar da kai mutum ne, ko don bidiyo ya buɗe. Kana dannawa ka sa hannu. Shafin zai bar wani ɗan ƙaramin tsari a cikin birauzar da ke farkawa duk lokacin da aka turo saƙo. Shi ya sa goge history bai yi komai ba, izinin ba a can yake zaune ba. Shi ya sa kuma manhajar kashe bairos ta ce maka waya lafiya lau, don babu wata manhaja da aka dasa da za ta kama.

Ka fara da wannan. Idan saƙon ya sake faɗowa kada ka buɗe shi, ka ɗora yatsa a kai ka riƙe. Zai nuna maka manhajar da ta kawo shi, in Chrome ne har sunan shafin za ka gani, yawanci wani suna marar ma'ana mai ƙarewa da .xyz ko .top ko .click. Daga nan buɗe Chrome, taɓa ɗigo uku na sama ta dama, Settings, Site settings, Notifications. A ƙarƙashin Allowed za ka ga duk shafukan da ka ba izini. Kada ka yi mamaki in ka tarar da goma ko fiye, shafi ɗaya kan jefa mutum zuwa wani, kowanne ya nemi nasa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka mayar Block. Na ce Block, ba gogewa kawai ba. In ka goge shafin daga jerin, ranar da ka sake faɗawa cikinsa zai sake tambaya, an kashe maciji ba a sare kansa ba ke nan. Wanda aka toshe kuwa ba shi da bakin sake tambaya. In ka gama, ka kashe makunnin da ke saman allon Notifications ɗin gaba ɗaya don kada wani shafi ya ƙara neman izini. A ganina wannan ya fi ga yawancinmu. Saƙon WhatsApp da na banki ta manhajojinsu suke zuwa, wannan makunnin bai shafe su ba. Kafin ka fita Site settings ka duba Pop-ups and redirects, ka tabbata a toshe yake.

Wayoyin Tecno da Infinix da itel sukan zo da birauzar Phoenix, da yawa kuma suna da Opera Mini. Kowacce da nata saitin sanarwa, gyaran Chrome bai taɓa su ba. Shiga Settings na wayar, Apps, ka zaɓi kowacce ka kashe Notifications ɗinta in ba ka buƙata.

Yanzu in ka yi duk wannan amma talla tana rufe allo baki ɗaya, kana tsakiyar kira ko kana duba hotuna ta ɓullo, to ba a nan gizo ke saƙar ba. Wannan manhajar talla ce ke zaune a cikin wayar. Lokacin da tallar ta fito, kada ka rufe ta, danna maɓallin da ke nuna manhajojin da ke buɗe, sau da yawa sunan mai laifin yana saman katin. In bai nuna ba, ka sa wayar a Safe mode: riƙe maɓallin kunnawa, sannan ka riƙe yatsa a kan Power off har rubutun Safe mode ya fito. A wasu wayoyin sai ka kashe, ka kunna, ka riƙe maɓallin rage sauti har ta gama tashi. A wannan yanayin duk manhajar da aka sa daga baya ba ta aiki. Talla ta tsaya? To cikinsu take. Shiga Apps ka duba jerin a tsanake har ƙasa. Nemi mai tocila, mai sanyaya batir, mai share datti, mai ƙara gudun waya, da duk wadda ba ta da suna ko tambari, sai fili fari kawai. Wannan ta ƙarshen ita ce gwanar ɓuya, a allon gida ba za ka taɓa ganinta ba. In maɓallin Uninstall ya ƙi dannuwa, ta naɗa kanta mai kula da wayar ne. Je Security, Device admin apps, ka cire mata alamar, ka dawo ka goge ta. Ka leƙa Special app access ma, a Display over other apps ka kashe wa duk wadda ba ka yarda da ita ba, a Install unknown apps ka hana kowa. Sai ka buɗe Play Store, taɓa hotonka na sama, Play Protect, ka sa ya bincika.

Nan ne nake jin haushin wasu masu tura fina-finai da manhajoji. Ba duka ba, akwai masu tsoron Allah da ƙwarewa a kasuwannin waya na Farm Centre da Titin Beirut a Kano, ba na ɗora wa kasuwa laifi. Amma akwai wanda za ka ba shi sabuwar waya ka ce ya sa maka WhatsApp, ya juye maka manhaja ashirin ta Xender daga wata tsohuwar ma'ajiya da shi kansa bai san asalinta ba, har da WhatsApp ɗin jabu mai launi-launi. Bayan sati biyu ka koma da kuka, ya ce sai filashin, ya karɓi kuɗi, ya share hotunan sunan 'yarka da lambobin abokan cinikinka, sannan ya sake juye maka manhajojin nan dai da suka jawo abin. Ka biya kuɗi an yi maka asara, cutar kuma tana nan. Filashin ko mayar da waya yadda ta fito daga kamfani magani ne na ƙarshe, kuma sai an kwashe hotuna da lambobi an adana tukuna.

Tunda ka ambaci saƙon bairos 5 ɗin nan, ina fata ba ka danna ba. Ƙarya ce tsagwaronta, shafin intanet ba shi da hanyar leƙa cikin wayarka ya ƙirga bairos. Sukan ari tambarin McAfee, kamfanin manhajar kashe bairos, ko na Google don mutum ya tsorata. In dannawa kawai ka yi ka fita, babu komai. In kuwa ka sauke abin da suka ce, ka goge shi yau. In ka rubuta lambar katin ATM, ko BVN, ko lambar da banki ke turowa ta saƙo, to ajiye wannan rubutun ka kira bankinka a toshe katin yanzu, sannan ka canza kalmar sirrin Gmail da Facebook.

Wani mai sharhi a ƙarƙashin tambayarka ya ce kwamfutarsa ma haka take yi ta kusurwar agogo. Ɗan'uwa, rubuta chrome://settings/content/notifications a wurin adireshi ka toshe su, a Edge kuma edge:// ne a farko, sauran iri ɗaya. Sannan chrome://extensions, inda ƙananan manhajojin da aka liƙa wa birauza suke, ka cire duk abin da ba kai ka sa ba, kuma ka cire shi alhali kana cikin akawun ɗinka na Google, in ba haka ba Sync, tsarin da ke daidaita birauza da akawun ɗin, zai dawo da shi. Danna maɓallin Windows da R, rubuta appwiz.cpl, ka jera manhajoji bisa ranar da aka sa su, ka duba abin da ya shigo a makon da abin ya fara. In birauza tana buɗe kanta, duba Task Scheduler, inda Windows ke jera ayyukan da ke tashi da kansu, can suke ɓoye umarnin, ka kuma duba Properties na tambarin Chrome ko an liƙa adireshi bayan chrome.exe. AdwCleaner na Malwarebytes kyauta ne kuma aikinsa ke nan, amma daga shafin kamfanin za ka sauke, don akwai na jabu.

Malam, in yara suna karɓar wayar su yi wasa, ka nuna musu kalmar Allow ɗin nan da yatsa, ka ce duk inda suka gan ta su kawo maka. Ka gwada na Chrome ɗin yau da daddare ka bar wayar ta kwana. In da safe wani saƙon ya faɗo, riƙe shi da yatsa ka ɗauki hoton allon ka turo nan, ka rufe hoton banzan da wani abu, sunan da ke sama kawai muke son gani.